Dogon mutum da gajeren keke: Me ya sa ba ma auna mahayi?

Babu wani magidanci mai hankali a Kazaure ko Babura da zai sayi shadda mai tsada ya miƙa wa tela ya juya ba tare da an gwada shi ba. Sai an auna kafaɗa, an auna hannu, an auna tsawon wando, kuma idan ɗinki ya fito da tangarɗa ko ta ɗan yatsa ce, ranar telan nan zai ji babu daɗi. Amma wannan magidancin ne zai shiga kasuwa sayen keke, abin da zai hau kullum safe da yamma har tsawon shekaru, ya duba fenti, ya buga ƙararrawa, ya matsa taya da babban yatsa, ya biya kuɗi ya tafi. Ba zai taɓa tambayar ko keken nan daidai da jikinsa yake ba, shi kuma mai sayarwa ba zai gaya masa ba, domin sau tari shi ma bai san keke yana da awo ba. Wanda ya fi kowa shan wahalar wannan sakaci kuwa shi ne dogon mutum, kuma dogaye ba su yi mana ƙaranci a wannan yanki ba.

Mai karatu zai iya cewa, ana fama da tsadar abinci wa yake ta sirdin keke? Ai tsadar ce ta kawo maganar. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake naira 1,000. Malaman firamare da ma'aikatan ƙananan asibitoci da malaman gona da yawa a ƙauyukan Roni da Gwiwa sun jingine babura sun koma wa dokin ƙarfen da suka yi wa kallon raini shekara da shekaru. Lokacin da marigayi Ojo Maduekwe yana Ministan Sufuri a 2001 ya yi ta kiran a koma hawan keke, dariya muka yi masa, musamman da mota ta tura shi cikin kwata a Abuja. Abin da lallashin minista ya kasa, ga shi aljihu ya yi.

Ina da aboki, malamin makaranta a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Gwiwa, wanda tsayinsa ya kai santimita 190. Ya sayi sabon keke irin wanda kowa yake saye, ya shiga zuwa aiki da shi. Duk wanda ya gan shi a kai sai ya yi murmushi, domin gwiwoyinsa har suna neman taɓa kan keken, bayansa a tanƙware kamar mai sussuka. Bai rufa wata biyu ba ciwon gwiwa ya kama shi, ya shiga sayen ƙwayar kashe zafi da man shafawa. Da wani ya ce masa sirdin ne ya yi ƙasa, sai ya kai wa mai walda, shi kuwa ya yanko guntun bututun ruwa ya liƙa a kan ƙarfen sirdin. Wata rana yana gangarowa da buhun gero a kariya, waldar ta ɓalle. Allah Ya kiyaye, rauni ya tsaya a cinya da tafin hannu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hukuncin da jama'a suka yanke: wai keke ba abin hawan dogo ba ne.

Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma dattawanmu shaida ne. Keken Raleigh da iyayenmu suka yi alfahari da shi, wanda asalinsa daga birnin Nottingham na Ingila ne kuma har masana'antarsa aka yi a Kano kafin ta durƙushe, ba awo ɗaya ake ƙera shi ba. Ƙafar dai inci 28 ce, amma gangar jikin, wadda masu gyara ke kira bodi, akwai ta inci 22 akwai ta inci 24, ana auno daga cibiyar da feda ke juyawa a kanta zuwa bakin bututun da ƙarfen sirdi yake shiga. Phoenix na Shanghai da Hero na Ludhiana a Indiya, waɗanda suka gaje shi a kasuwanninmu, duk samfurin nan suka bi. Sai dai ɗan kasuwa ya fi son kayan da za su shige wa mafi yawan masu saye, saboda haka matsakaicin ne ya cika rumfuna, dogon bodi ya zama sai an tona. Da yake ba ma tambaya, babu dalilin da zai sa a kawo.

To yaya ake auna mahayi? Tsawon ƙafa ake dubawa, ba tsayin mutum gaba ɗaya ba, domin mutum biyu za su iya zama tsayi ɗaya amma ƙafar ɗaya ta fi ta ɗaya. Mutum ya cire takalmi ya jingina da bango, ya sa littafi a tsakanin cinyoyinsa ya ɗaga shi sama kamar yana zaune a kai, sannan a auna daga ƙasa zuwa saman littafin da tef ɗin tela. Akwai ƙa'idar da ta shahara da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci babbar gasar tseren keke ta Faransa a 1986 da 1989 da 1990: a ninka wannan awo da 0.883, abin da ya fito shi ne nisan da ya kamata ya kasance daga cibiyar feda zuwa saman sirdi. Don 'yan tsere aka yi ta, mai zuwa aiki yana iya sassautawa kaɗan, amma tana nuna inda matsalar take. Mai ƙafar santimita 90 yana buƙatar kimanin 79. Bodin inci 22 santimita 56 ne, ke nan sirdi da ƙarfensa ne za su cike giɓin santimita 23. A bodin inci 24 kuwa, wato santimita 61, giɓin ya ragu zuwa 18. Wannan biyar ɗin da ake gani kamar ba komai ba, ita ce bambanci tsakanin ƙarfen da ya zauna daram cikin bututu da wanda yake reto a baki yana jiran ranar karyewa.

Wanda lissafi ya gundure shi, ga hanya mai sauƙi: ya zauna a sirdi wani ya riƙe masa keken, ya ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Idan ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, an dace, domin idan ya mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, yadda ake so. Mafi yawanmu mun koyi keke da tunanin cewa dole ƙafa biyu su taka ƙasa mutum yana zaune. A irin kekenmu wannan alama ce ta sirdi ya yi ƙasa ƙwarai, kuma gwiwar da take tura feda a lanƙwashe sau dubbai a kowace tafiya, ita za ta biya bashin.

Yanzu kuma ga wani sabon yayi. Cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su, da waɗanda matasan ma'aikata ke gani a intanet suna sha'awa, akwai samfurin Amurka da suke kira kuruza, keken shan iska mai ƙatuwar taya da faffaɗan sirdi da kai mai lanƙwasowa baya kamar ƙahon sa. Kamfanin Schwinn na Chicago ne ya fito da irinsa a 1933, daga baya mutanen gaɓar tekun Kalifoniya suka farfaɗo da shi a shekarun 1970. Ba zan ɓoye ba, yana da abin yabo a ƙasa irin tamu. Tayarsa ta fi inci biyu faɗi, alhali ta tsohon kekenmu inci ɗaya da rabi ce, kuma duk wanda ya taɓa nutsewa cikin rairayin hanyoyin ƙauyukan Babura da rani ya san amfanin faffaɗar taya. Zaman da ake yi a kansa a miƙe yake, baya da wuya suna hutawa. Ƙafarsa ta inci 26 kuma awo ɗaya ce da ta kekunan hawan dutse da suka cika gari, don haka taya da tub ba za su yi wuyar samu ba.

Amma ga dogon mutum tarko ne idan bai yi hattara ba. Galibin kuruza bodinsu inci 18 ne ko 19, wato abokina zai buƙaci cike giɓin da ya wuce santimita 30. Da yake bututun sirdi a karkace yake zuwa baya, duk ɗagawar da aka yi tana ƙara mayar da nauyin mahayi kan ƙafar baya, sai wayoyinta su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, balle an ɗora jarka a kariya. Sannan da yawansu birki ɗaya gare su, wanda ake kamawa ta hanyar mayar da feda baya. A shimfiɗaɗɗen titin bakin teku babu laifi. A gangaren duwatsun Roni da na Kazaure kuwa, idan sarƙa ta zame, mutum ba shi da birki ko ɗaya. Wanda ya nace sai kuruza, to ya nemi mai dogon bodi wanda aka ƙera musamman don dogaye, irin wanda aka ɗan tura fedarsa gaba domin ƙafa ta samu wurin miƙewa, ya kuma sa a ƙara masa birkin hannu a gaba tun kafin ya bar wurin mai sayarwa. Idan ƙafar ta inci 29 ce, ya sani cewa tayar tsohon kekenmu ta inci 28 ba za ta shige ta ba, domin da'irar ɗaya milimita 622 ce ta ɗayar kuma 635. Gara ya tabbatar akwai inda zai samu taya kusa, kada faci ɗaya ya mayar da shi Sabon Garin Kano.

Wanda ya riga ya sayi keken da ya yi masa kaɗan fa? Akwai gyaran da ya halatta akwai na ganganci. Na farko shi ne a sayi dogon ƙarfen sirdi ɗan asali, na santimita 35 ko 40, mai kauri daidai da bakin bututun, ba a cusa siriri a cike da gwangwani ba. A jikin ƙarfe na kirki akwai layin gargaɗi da masu ƙira suka zana, wanda bai kamata ya leƙo waje ba, idan kuma babu layin, a bar aƙalla santimita 10 a ciki. Idan an ɗaga sirdi sai a ɗaga kai, in ba haka ba an raba mutum da ciwon gwiwa an haɗa shi da na baya. A nan tsohon kekenmu yana da iyaka, saboda birkinsa na sandunan ƙarfe ne da ke haɗe da kan, ba ya ɗaguwa fiye da tsawon sandunan, saɓanin mai birkin waya wanda sai dai a sauya waya mai tsawo. A sa wa ƙafar baya wayoyi masu kauri a ɗaure su daidai, a kuma sauya ƙaramin faranti na baya da mai haƙora 20 ko 22 domin rairayi da hawa su yi sauƙi. Gyaran ganganci kuwa shi ne walda. Bututun keke siriri ne, wutar da ake haɗa ƙofa da taga da ita tana cinye shi ta bar shi da rauni a daidai inda nauyi ya fi taruwa.

Na san abin da za a ce. Talaka abin da kuɗinsa ya kai yake saye, kuma keke ɗaya ne a gida: maigida ya je gona, yaro ya je niƙa, wani ya kai haki kasuwa. Gaskiya ne, kuma dogon bodi yana wahalar da yara, ko da yake duk mun koyi tuƙi ne muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda. Sai dai gwada mutum ba ya cin ko kwabo, ɗaga sirdi da sauke shi kuma aikin sifana ɗaya ne. Kuɗin dogon ƙarfen sirdi bai kai abin da abokina ya kashe a kantin magani ba. Kada kuma a manta matsalar tana da ɗaya fuskar, wato 'yan makaranta, musamman mata, da ake ɗora wa keken manya suna lilo hagu da dama kafin ƙafarsu ta kai feda.

Inda nake ganin laifin namu ne, mu da muka yi boko, shi ne wajen sayen sari. Ƙungiyoyin adashen ma'aikata da ƙananan hukumomi da 'yan siyasa masu rabon kayan tallafi su ne manyan masu sayen keke da yawa a lokaci ɗaya, kuma su ɗan kasuwa yake saurara. Takardar kwangila takan faɗi adadi da farashi, wani lokaci har da launi, amma ban taɓa ganin wadda ta ambaci awo ba. Da za a auna waɗanda za a bai wa tukuna, a rubuta cewa kaza na inci 24 ne, kaza na inci 22, kaza na yara, da dillalan Kano sun fara kawo dogon bodi ba tare da an roƙe su ba. Haka nan muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a nan Kazaure. Me zai hana ɗalibanta na fannin ƙere-ƙere su ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatu, su fitar da dogon ƙarfen sirdi mai inganci, su kuma tara masu gyaran keke na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura na yini biyu a koya masu awo? Mai gyara ɗaya da ya iya gwajin dunduniya zai gyara zaman mutanen unguwa guda.

Abokina dai ya sayar da wancan keken da asara. Bayan cigiya ta kusan wata guda ya samu wani tsohon Raleigh mai bodin inci 24 a hannun iyalan wani tsohon ma'aikacin En'e, fentinsa duk ya koɗe, aka sauya masa tayoyi da sarƙa da wayoyin ƙafar baya, aka sa dogon ƙarfen sirdi. Da shi yake zuwa makaranta, kuma rabonsa da kantin magani tun farkon damina.