KADA MU FID DA RAI GA BAKWAINI

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da nakan ji a bakin mutanenmu duk lokacin da aka haifi bakwaini ko jariri marar lafiya. Sai ka ji an ce, "Ai wannan ba mai zama ba ne, kada a wahal da uwarsa da zuwa asibiti." Ni a ganina wannan magana kuskure ce babba, kuma ta yi sanadin rasa yara da yawa waɗanda da an kula da su da yanzu suna nan suna wasa a ƙofar gida. Ba da ka nake faɗa ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni kuwa na gani a gidanmu.

Bara cikin hunturu aka haifi ƙanwata, cikinta bai wuce wata bakwai ba. Da aka ɗora ta a ma'auni sai aka tarar nauyinta kilo 1.3 ne, alhali likitoci na cewa duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba ya gaza. Ko kuka ba ta iya yi sosai, sai wani ɗan sauti kamar na ɗan kyanwa. Gwaggonmu ta dube ta ta ce a naɗe ta da auduga a bar ta a ɗaki, a jira abin da zai faru. Baba ya ce a'a. A daren nan ya nemo mota aka kai ta babban asibiti, aka shigar da ita ɗakin da ake jinyar jarirai.

Ran da aka bar ni na leƙa ta taga, sai da gabana ya faɗi. Na gan ta kwance cikin kwalba, an sa mata robar iska a hanci, ga wata siririyar roba kuma ta bi har cikinta wadda ake ɗura mata nono. Wata nas ta yi mini bayani. Ta ce bakwaini abu uku ne manyan abokan gabansa: sanyi, wahalar numfashi, da ƙwayoyin cuta. Ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, huhunsa bai gama nuna ba, kuma jikinsa bai san yadda zai yaƙi cuta ba tukuna. Shi ya sa ba wanda ke shiga ɗakin sai ya wanke hannu da sabulu.

A kwana na uku jikinta da idanunta suka yi rawaya, aka ce shawara ce. Aka rufe mata ido aka kwantar da ita ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila. Nauyinta kuma ya ragu. Masu zuwa dubiya suka fara cewa, "Ai mun faɗa." Ran suna ba a yi taro ba, a masallaci kawai aka raɗa mata suna, ita kuwa tana can kwance. Amma sannu ba ta hana zuwa. Cikin mako na biyu rawayar ta tafi. Cikin na uku aka cire robar iska. Inna ta riƙa tatsar nono a ɗan kofi ana ba ta kaɗan kaɗan, kowace safiya ana auna ta ana rubutawa. Yau ta ƙara giram 15, gobe 20. Da yayyafi kogi kan cika. Ran da ta kama nono da bakinta, Inna ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar haihuwa. Bayan mako shida aka sallame su. Yanzu haka rarrafe take yi, ta kuma yaga mini littafin lissafi.

To, mai karatu zai iya cewa wannan sa'a ce kawai. A'a, ilmi ne da aka daɗe ana tarawa. Wajen shekarar 1880 wani likita a birnin Faris ta ƙasar Faransa, mai suna Stéphane Tarnier, ya ga akwatin da ake ƙyanƙyasar ƙwai da shi, sai ya sa aka ƙera irinsa don ɗumama jarirai. Asalin kwalba ke nan. A 1956 kuma wata sista a Ingila, Jean Ward, ta lura cewa jariran da take fitarwa su sha hantsi rawayar jikinsu tana raguwa. Daga nan aka gano maganin shawara da haske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai wajen miliyan 13.4 kafin cikinsu ya cika mako 37, wato kusan ɗaya cikin goma. Ashe bakwaini ba wani abin al'ajabi ba ne, kuma ba abin kunya ba ne.

Na san akwai masu cewa, "Kai ɗan boko, ka manta asibiti da nisa, ga tsada, kwalaben ba su da yawa, wutar lantarki kuma yau akwai gobe babu." Wannan gaskiya ce, ba na musunta. Mu ma sai da Baba ya sayar da tumaki biyu. Amma ku saurari wannan. A 1978, a birnin Bogota ta ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edgar Rey ya rasa isassun kwalabe, har ana haɗa jarirai a kwalba ɗaya. Sai ya ce a kwantar da jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure shi da zane, a riƙa ba shi nono. Aka sa wa dabarar sunan kangaru, wata dabba ta Ostareliya mai ɗaukar ɗanta a jakar cikinta. A 2021 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashe biyar, ciki har da Nijeriya da Ghana, wanda ya nuna cewa in an fara wannan goyo nan da nan bayan haihuwa, mutuwar ƙananan jarirai takan ragu da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin haka. Ita ma ƙanwata da wannan goyo ta ƙarasa jinyarta. Iyayenmu mata sun fi kowa iya goyo. Abin da ya rage kawai shi ne a juyo da ɗan daga baya zuwa ƙirji. Wannan ba ya bukatar lantarki, ko sisin kwabo. Amma fa ba ya hana zuwa asibiti, sai dai ya riƙe jariri da ɗumi a hanya da kuma bayan an dawo.

Akwai kuma al'adun da ya kamata mu sake dubawa. Ana zubar da dakashi wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da jariri ke samu. Ana shafa wa cibiya toka ko man goge baki, wannan kuwa ƙofa ce ga cuta. Ana ajiye kayan jariri cikin kafur, shi kuma yana iya fasa jinin waɗansu yara ya jawo shawara mai tsanani, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa. Ban faɗi haka don in raina kakanninmu ba. Da abin da suka sani suka rene mu, kuma gwaggon nan tamu ita ce yanzu ba ta sauke ƙanwata daga baya.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai. In mun koma gida hutu, mu gaya wa iyaye cikin ladabi cewa jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko ya yi rawaya, ko numfashinsa ya yi sauri, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Ina kuma roƙon hukuma ta ƙara ɗakunan jinyar jarirai, ta sama musu wuta tsayayya. Mu kuwa, musamman 'yan mata, mu dage da darasin kimiyya, domin ɗakunan nan suna bukatar nas-nas da likitoci masu jin harshenmu.

Rai na Allah ne, ba wanda ya musa. Amma ba mu muka san wanda zai zauna da wanda ba zai zauna ba, namu shi ne ƙoƙari. In da rai da rabo. Allah Ya raya mana ƙannenmu, amin.