Sharhi: Sauya sheƙar 'yan kokowa da tambayar da magoya bayan Damagaram ba sa yi

Da zarar an gama yankan hatsi, sanyi ya fara busowa, hira a fadojin samari da rumfunan masu shayi na Tirmini takan koma kan abu ɗaya: kokowa. Su wa za su shiga cikin mutum goman da za su wakilci jihar Damagaram? Wane ne ya tsufa, wane ne ya taso? Sai kuma tambayar da ta fi tayar da jijiyar wuya: wane ne ya tafi, kuma wace jiha ce ta ɗauke shi?

A wannan gari na gundumar Takeita, da ke kan babbar hanyar da ta fito daga Zinder ta nufi Maradi, maganar sunan Damagaram ba abin wasa ba ce. A nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tari sojojin Faransa a shekarar 1899. Don haka idan aka ce wani ɗan ƙasa ya ɗaura warkin wata jiha zai zo ya kayar da ɗan'uwansa, mutane da yawa ba sa kallon abin a matsayin neman abinci. Cin amana suke kiransa.

Sai dai idan aka duba yadda gasar take gudana, da yadda ɗan kokowa ke rayuwa a sauran watannin shekara, za a ga cewa an ɗora laifin a inda bai kamata ba.

Yadda gasar take

An fara gasar neman takobin ƙasa a Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, inda Yakuba Kantu na Maradi ya fara ɗaga takobin. A yau jihohi takwas ne ke shiga: Agadas, Difa, Doso, Maradi, Tawa, Tilaberi, Yamai da Damagaram. Kowace jiha na kawo mutum 10, jimilla 80. Ƙa'idar mai tsauri ce: faɗuwa ɗaya ta isa ta fitar da mutum daga neman takobi, ko da zai ci gaba da karawa don kare sunan jiharsa. Ana ta rage mutane kullum har a saura da biyu da ba su taɓa ƙasa ba.

Kafin a kai nan, ana tankaɗe da rairaya tun daga ƙauyuka da ƙananan hukumomi, a zo matakin gunduma, sannan a yi zaɓen ƙarshe a babban birnin jiha. Yaron da ya fara kayar da tsaransa a dandalin wani ƙauye na Tirmini sai ya tsallake duk waɗannan matakai kafin ya taka filin Langa-Langa na Zinder a matsayin ɗan tawaga.

A nan matsalar farko take. Gurbi goma ne kacal, ko jiha tana da gwanaye ashirin ko tana da biyar. Damagaram, Maradi da Tawa jihohi ne masu yawan jama'a, kuma kokowa ta yi jijiya a karkararsu. Wanda ya zo na goma sha ɗaya a zaɓen Zinder zai iya zama na uku ko na huɗu a wata jihar da ba ta da yawan 'yan wasa. Zaɓi biyu ne a gabansa: ya zauna gida ya kalli gasar a Tele Sahel, ko ya je inda za a ba shi gurbi. Mai iyali ba ya daɗewa yana tunani a kan wannan.

Abin da magoya baya ke cewa

Ra'ayoyin sun kasu gida uku, kuma kowanne yana da abin kamawa.

Kashi na farko, galibi dattawa da tsofaffin 'yan fili, suna ganin kokowa ba kasuwa ba ce. A wurinsu kirarin da mutum yake yi yana ambatar garinsu da iyayen gidansa shi ne ainihin wasan. Idan ɗan Damagaram ya tsaya a tsakiyar fili makaɗan wata jiha suna zuga shi, to an raba jiki da ruhinsa. Su ne masu kira ga hukumar kokowa ta ƙasa, FENILUTTES, da ta ɗaure kowa a jihar da aka yanke masa cibiya.

Kashi na biyu, mafi yawansu matasa masu bin ƙwallon ƙafar Turai, suna ganin wannan magana ta wuce zamani. Ƙarfin ɗan kokowa na 'yan shekaru ne. Gwiwa ɗaya ta goce, shi ke nan. Idan akwai inda za a ba shi babur, ko fili, ko aikin da zai riƙa karɓar albashi, me zai hana shi tafiya? Sukan ƙara da cewa masu kiran mutum maci amana ba su ne ke kai masa buhun hatsi da damina ba.

Kashi na uku ba ruwansu da wanda ya tafi, lissafinsu na takobi ne kawai. Suna tuna yadda Tasi'u Sani ya ɗaga takobi a gida, a gasa karo na 39 da aka yi a Zinder. Suna kuma kallon yadda Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya lashe sau uku a jere a Yamai, Difa da Agadas daga 2021 zuwa 2023, har ya tara takubba shida, kafin Abba Ibrahim na Yamai ya karɓe a Doso a watan Disambar 2024. Duk waɗannan shekaru huɗu takobin bai zo Damagaram ba. Shawararsu ita ce a daina kuka, a fito da kuɗi, a dawo da 'yan gida da ke waje, in ta kama ma a ɗauko na wasu.

Duk ukun suna magana ne a kan ɗan kokowar da ya riga ya yi suna. Babu mai tambayar wanda ya raine shi, da abin da shi mai rainon ya samu.

Darasi daga nesa

Wannan muhawara ba a Nijar aka fara ta ba. A Amurka akwai wasan besbol, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda, kuma shekaru da dama ɗan wasa mallakin ƙungiyarsa ne. Tana iya musayarsa da wani ko ta sayar da shi ba tare da ta tambaye shi ba. A 1969 wani ɗan wasa baƙar fata mai suna Curt Flood ya ƙi yarda da musayar da ƙungiyar St. Louis Cardinals ta yi da shi zuwa Philadelphia. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya faɗi a 1972, kuma sana'arsa ta mutu. Amma a ƙarshen 1975, shekarar da aka fara gasar takobi a Tawa, wani mai sasanci ya yanke hukuncin da ya karya wannan ɗauri. Daga nan aka cimma yarjejeniyar da ake aiki da ita har yau: wanda ya yi shekara shida a babbar gasa, idan kwantiraginsa ya ƙare, yana da 'yancin zuwa inda ya ga dama.

Kuɗin da hakan ya jawo ya wuce hankali. A Disambar 2023 ɗan Japan Shohei Ohtani ya bar Angels ya koma Dodgers a kan dala miliyan 700 na shekara 10. Bayan shekara ɗaya Juan Soto ya bar Yankees ya koma maƙwabciyarta Mets a kan dala miliyan 765 na shekara 15. Magoya bayan da aka bari sun yi irin zagin da ake ji a rumfunan shayi na Damagaram. Sakamakon kuwa bai zo iri ɗaya ba: Dodgers ta ɗauki kofi a 2024, Mets kuwa ko zagayen neman kofi ba ta kai ba a 2025. Wannan ya isa ishara ga masu ganin cewa ɗauko gwani daidai yake da ɗauko takobi.

Abin lura a tsarin nasu shi ne an rubuta komai. An san shekarun da ƙungiya za ta ci moriyar wanda ta raina. An san lokacin da ake cinikin. A wasu sharuɗɗa ma, ƙungiyar da gwaninta ya tafi tana samun ƙarin damar zaɓen matashi ɗaya a madadinsa.

Haka abin yake a ƙwallon ƙafa. Hukuncin Bosman na Disambar 1995 ya bai wa ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare a Turai damar tafiya kyauta. Amma hukumar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23 da haihuwa. Ma'ana, an bar mutum ya tafi, amma ba a bar mai raino da hannu biyu ba.

Inda bangon ya tsage

A kokowar Nijar, babban abin da ke riƙe ɗan wasa shi ne kyauta. Ana shelanta ta a fili da lasifika: wane ya ba da kuɗi kaza, wane ya ba da babur, wane ya ba da buhunan shinkafa. Wanda ya ɗauki takobi yana samun doki da rawani da kuɗi masu kauri. Amma duk wannan na kwana goma ne, kuma mafi yawansa na tafiya ga 'yan ƙalilan da suka kai ƙarshe. Sauran, da an watse, kowa ya koma gonarsa, ko kiwonsa, ko cin rani, ko yawon ƙananan wasanni a kasuwanni har cikin Najeriya.

Dangantakarsa da masu riƙe shi kuwa ta fatar baki ce. Wani attajiri ko ɗan siyasa ya ɗauke shi a matsayin yaronsa, ya ciyar da shi muddin yana kayarwa. Ran da ya faɗi sau biyu a jere, ko uban gidan ya sauka daga kujera, sai wayar ta daina shiga. Mutumin da yake cikin wannan hali ba a yi masa adalci ba idan aka ce ya ci amana, domin babu wata amanar da aka rubuta aka ba shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan rashin tabbas ne kuma ke ciyar da zargin da ake ji duk shekara, na cewa wane ya sayar da faɗuwa. Ko zargin gaskiya ne ko ƙarya, yana samun masu saurare ne saboda kowa ya san mai neman takobi yana iya karawa da ɗan garinsu da ke sanye da warkin wata jiha, kuma kowa ya san aljihun yawancinsu babu nauyi.

Can ƙasa kuma akwai wanda ba a ko ambatonsa: tsohon ɗan kokowar ƙauye da ya koya wa yaro kamu da kariya, da mai garin da ya shirya wasan kaka, da ƙaramar hukuma irin Tirmini da ta biya kuɗin mota aka kai shi zaɓen gunduma. Idan yaron ya yi suna a Zinder, sunan jiha ake kira. Idan ya tafi wata jiha, can ake kira. Ƙauyen ba ya cikin lissafi ko ta wace fuska.

Abin da zai iya gyarawa

Hana tafiya gaba ɗaya ba mafita ba ce. Zai bar gwanaye da yawa a gida ba tare da gurbi ba, ya kuma raunana tawagar jihohin da ba su da yawan 'yan wasa, gasar ta koma ta jihohi uku ko huɗu. Barin abin sakaka kuma zai mayar da takobi na wanda ya fi kuɗi.

Tsakanin biyun akwai hanya. Na farko, rajistar kowane ɗan kokowa ta nuna ƙaramar hukumar da ya fito da wanda ya horar da shi, tun daga zaɓen farko. Na biyu, a san lokacin sauya jiha, a rufe shi da wuri kafin zaɓen jihohi, kuma wanda ya koma wata jiha ya yi mata adadin shekarun da aka amince kafin ya sake tashi. Na uku, jihar da ta ɗauki ɗan wata jiha ta biya wani abu, ko kaɗan ne, a kai shi ga ƙaramar hukumar da ta raine shi don shirya wasannin matasa. Na huɗu, wanda ya shafi Damagaram kai tsaye: attajirai da hukumomin da ke gasar ba da kyauta a gaban kyamara su karkatar da wani kaso zuwa asusun da zai riƙa bai wa tawaga ɗan abin hannu duk wata, da kuɗin magani idan an ji rauni.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar dala miliyan. Takarda ce, da hatimi, da cika alkawari.

Game da makomar tawagar Damagaram kuwa, tsarin gasar da kansa yana ba da amsa. Tunda faɗuwa ɗaya ke fitar da mutum, gwani guda ba ya isa. Ana buƙatar mutum goma da kowannensu zai iya kayar da zakaran wata jiha, ya share wa ɗan'uwansa hanya. Irin wannan tawaga ba a haɗa ta cikin mako biyu na zaman horo. Daga dandalin ƙauyuka take fitowa, a hannun mutanen da yau ba a san sunayensu ba.

Don haka idan hira ta sake ɓarkewa a Tirmini kan wanda ya tafi, ya kamata a ƙara tambaya ɗaya a kan wadda aka saba: su waɗanda suka zauna, me aka ba su tun daga watsewar gasar bara?