Filin Masu Motoci: Mota Mai Shan Gas, Ribarta Da Sharuɗɗanta

 Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, duk mai mota a ƙasar nan ya zama malamin lissafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haye naira 500 a wurare da dama cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta taka naira 1,000. Wannan ne ya sa zancen juya mota ta koma shan gas ya bazu a tashoshi da garejoji, har ya zama wanda bai juya ba yana ganin an bar shi a baya. To, a wannan mako a kan wannan batu za mu tsaya.

Da farko dai ya kamata a rarrabe, domin gas ɗin mota iri biyu ne, mutane kuwa suna yi musu kuɗin goro. Akwai wanda ake kira CNG, wato iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa wadda ake matsawa cikin tukunya mai kauri, shi ne Gwamnatin Tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023. Akwai kuma LPG, wanda matanmu suke girki da shi, ana samunsa daga matatun mai da kuma masana'antun tace gas irin na tsibirin Bonny a Jihar Ribas. Shi wannan na biyu a ruwa-ruwa yake zama cikin tukunya, sai ya fito yake komawa iska. A kansa muke magana yau.

Bambancin nan ba ƙarami ba ne. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska ma'auni 2 da 'yan kai. Matsin LPG bai cika wuce ma'auni 15 ba ko da ana tsananin zafi, amma CNG a kan ma'auni 200 ake ɗura shi. Saboda haka wanda ya kai tukunyar LPG famfon CNG, ajalinsa ya je nema. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta tarwatse a wani gidan sayar da CNG a birnin Benin na Jihar Edo, mutane suka jikkata, hukuma kuma ta bayyana cewa tukunyar da ke cikin motar ƙirar 'yan walda ce, ba wadda aka amince da ita ba.

Ita dai mota mai shan LPG ba baƙuwa ba ce a duniya. A Turkiyya miliyoyin motoci ne suke aiki da shi, haka kuma ya yi ƙarfi a Italiya da Folan. A Koriya ta Kudu an shafe shekaru masu yawa galibin motocin tasi da shi suke yawo. Ko a nan kusa, direbobin tasi na Ankara da Kumasi a ƙasar Gana sun daɗe da saninsa. Abin da ya tsare mutanen waɗancan ƙasashe da suka yi nisa shi ne doka da horon makanikai, ba wata sa'a ba.

Ga yadda abin yake aiki. Ana ɗaure tukunya a but, ko dai doguwa, ko kuwa mai siffar gammo wadda take zama a gurbin safayar taya. Daga nan bututu yake ɗauko gas yana ruwa zuwa wata na'ura da ke kusa da injin, wadda take rage masa ƙarfi ta mai da shi iska. Wannan na'ura da ruwan zafin lagireto take aiki. Shi ya sa motar take tashi da fetur da safe, sai injin ya ɗan ɗumama sa'an nan ta koma kan gas da kanta. Injin fetur ake yi wa wannan aiki. Na dizal sha'aninsa daban ne.

To, ina ribar take? A nan ne mutane da yawa suke yi wa rogo kallon kitse. Litar gas ba ta kai litar fetur ƙarfi ba, saboda haka motar da take shan lita 10 ta fetur a tafiyar kilomita 100 za ta sha wajen lita 12 ta gas. Mu kuwa a nan da kilo aka saba sayar da shi, lita 12 kuma ta yi kusan kilo 6 da rabi. Wato ke nan, in kuɗin kilo ɗaya na gas ya kai kuɗin lita ɗaya da rabi na fetur, to riba ta ƙare, an yi kunnen doki. Kowa ya tambayi farashin garinsu ya buga wannan lissafi, sa'an nan ya duba watanni nawa zai yi kafin ya mai da kuɗin juyawa. Direban haya da yake kan hanya kullum yana iya fanshewa da wuri. Ma'aikacin da ba ya wuce gida zuwa ofis, mai yiwuwa ne motar ta tsufa bai fanshe ba.

Wanda lissafinsa ya fita, sai ya san cewa ya ƙaro wa kansa hidima. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul yadda fetur yake yi, don haka a wasu injuna bawul yakan ci mazauninsa a hankali har mota ta fara rasa ƙarfi, daga nan sai sauke kan injin. Maganin wannan shi ne a riƙa duba saitin bawul a kan kari, a injunan da suke buƙata kuma a sa ɗan tulun man da yake ɗiga yana kare su. Makanikin da ya ƙuntata wa injin gas fiye da kima wai don a yi tsimi, zafi yake ƙara wa bawul, garin neman gira a rasa ido.

Fulogi ma yakan sha wuya, domin gas ya fi fetur wuyar kamawa. Fulogin da zai lallaɓa a kan fetur, a kan gas sai mota ta dinga shaƙewa, a tsofaffin motoci masu kafireto har takan yi tari ta baya ta fasa gidan matatar iska. Matatun gas guda biyu ne, a canza su bayan kamar kilomita 10,000 zuwa 15,000, ko yadda masu ƙera kayan suka rubuta. Matatar iska kuwa a ninka kula da ita lokacin hunturu, sa'ad da ƙura take rufe Arewa. Kada a yi sake da ruwan lagireto, domin in ya yi ƙasa na'urar nan sai ta yi ƙanƙara, mota ta mutu a tsakiyar titi. Baƙin mai yakan daɗe bai yi duhu ba, amma wannan ba dalili ba ne na ƙin juye shi a lokacinsa.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi, wato barin tankin fetur a bushe. A yawancin motocin zamani famfon mai a cikin tanki yake, fetur ne yake sanyaya shi, kuma sau da yawa yana aiki ko da mota tana kan gas. A bar aƙalla rubu'in tanki, kuma lokaci-lokaci a yi 'yar tafiya a kan fetur don kada nozul su toshe.

Sai babbar magana, wato ta rai. Ba a cika tukunyar gas ta mota fiye da kashi 80 cikin 100, akwai ma bawul da yake tsai da ɗurin da kansa. Ragowar wurin an bar shi ne domin gas yana kumbura in ya sha zafi, wanda ya san ranar Sakkwato ko ta Maiduguri a watan Afrilu kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Direban da yake girgiza mota don ta ƙara sha, ko ya sa a cire wannan bawul, da wuta yake wasa. Haka nan wanda yake ɗauko tukunyar girki ya kwantar a but ya ja mata tiyon roba. Ita a tsaye aka yi ta ta zauna a madafa, ba ta da makullin da zai datse gas in an kashe mota ko an yi karo.

A kuma tuna LPG ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa, ya taru a ramin makaniki ko kwata ko rufaffen gareji, yana jiran ƙyastu ɗaya. Warin nan da ake ji da gangan aka sa masa don gargaɗi. Da an ji shi a kashe mota, a rufe bawul ɗin tukunya, a fitar da fasinja, a nisanta taba da ashana. Da ruwan sabulu ake neman yoyo, inda ya yi kumfa nan ne. Gas mai ruwa in ya taɓa fata ƙuna yake yi saboda tsananin sanyi, don haka a kiyaye hannu wajen ɗuri. Ita ma tukunyar tana da wa'adi: a Italiya doka ce a canza ta bayan shekara 10. Mai sayen tukunyar gwanjo ya duba shekarar da aka buga a jikinta.

A ƙarshe muna kira ga hukuma. Tun watan Disamba na 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin amfani da gas a motoci, amma shiri ba ya tsayawa da bikin ƙaddamarwa kaɗai. Ya wajaba Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta tsare kasuwa daga tukwanen bogi, kwalejojin fasaha su horar da makanikai su ba su takardar shaida, ƙungiyoyin direbobi kuma su hana duk motar da aka yi wa aikin gangan yin lodi a tasha. Fasinjan da ya biya kuɗin mota bai san abin da ke bayan kujerarsa ba, amana ya ba direba.

Kai kuma mai mota, in ba ka sami gwanin da zai yi maka aikin da kayan ƙwarai ba, ka haƙura da fetur ɗinka tukuna, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sai mun sadu a mako mai zuwa.