Mutum-mutumin Jigilar Kaya: Wa Ke Riƙe Da Akalarsa?

Duk ɗan kasuwar da ya sayi mutum-mutumi domin jigilar kaya a cikin sito, ya kamata ya san cewa gangar jiki kawai ya biya wa kuɗi. Ƙwaƙwalwar tana wani wuri dabam. Kafin na'urar ta soma aiki, sai an ɗora mata wata 'yar manhaja tare da lambar shaida ta sirri, waɗanda za su haɗa ta, ta hanyar intanet, da manyan kwamfutocin wani kamfani, wato abin da masana harkar ke kira gajimare. Can take aika rahoton inda take, da sauran cajin batirinta, da duk wata tangarɗa da ta samu. Daga can kuma ake raba wa kowace na'ura aikinta, a tsara musu hanya don kada su yi karo.

Amfanin wannan tsari ba abin musu ba ne. Da irinsa ne kamfanin Amazon ke juya mutum-mutumin da a shekarar 2025 ya ce sun kai miliyan ɗaya.

To amma tarihin wannan kamfani kansa ya isa ya sa mai saye ya yi hattara. A shekarar 2012 Amazon ya sayi Kiva Systems a kan dala miliyan 775, daga bisani ya daina sayar wa wasu kamfanoni na'urorin, lamarin da ya bar waɗanda suka gina sitonsu a kan Kiva suna neman mafita. A watan Agusta na 2023 Google ya rufe IoT Core, sashensa na haɗa na'urori da gajimare, sannan a Satumba na 2025 Amazon ya rufe RoboMaker. Ba karyewa waɗannan kamfanoni suka yi ba, lissafinsu ne kurum ya sauya.

A Nijeriya akwai ƙarin damuwa. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har harkokin bankuna suka samu cikas. Abokin cinikin banki zai iya haƙuri ya dawo gobe. Sito mai cike da na'urorin da suka tsaya cik, ga manyan motoci na jiran lodi, asara yake ƙirgawa kowace awa. Ga kuma kuɗin hayar gajimaren, wanda galibi da dala ake biya, kuma kowa ya ga abin da ya samu naira tun daga Yunin 2023.

Saboda haka bai dace a sa hannu kan yarjejeniya ba sai an tabbatar na'urar tana jin yaren da ba na kamfani ɗaya ba, kamar ƙa'idar VDA 5050 da masana'antun Jamus suka fitar a 2019, wadda ke ba manhaja guda damar sarrafa na'urorin kamfanoni dabam-dabam. A kuma rubuta ƙarara cewa taswirar sito da bayanan kaya mallakar mai sito ne, yana da ikon kwashe su ranar da ya so.

Gwaji mafi sauƙi kuwa ba ya bukatar lauya. Kafin a biya kuɗi, a katse intanet ɗin sito na awa guda a gaban dillalin, a ga ko na'urorin za su ƙarasa lodin da ke gabansu.