Kafin a zagi direban tirela, a tambayi wanda ya ba shi makulli

1/ Jama'a, duk lokacin da tirela ta kife ko ta afka wa mutane a Bypass, magana ɗaya ake ji: "Direbobin nan ba su da hankali." Ni a ganina mun tsaya a rabin zance. Ku biyo ni, zaren yana da ɗan tsawo. 🧵

2/ Mu mutanen Unguwar Mu'azu, titin Nnamdi Azikiwe a ƙofar gidanmu yake. Manyan motocin da suka taso daga kudu za su Zariya da Kano, ta nan suke bi don kauce wa cikin gari. Ta nan kuma yaranmu ke tsallakawa zuwa boko da Islamiyya. Don haka zancen ya shafe mu kai tsaye.

3/ Ka tsaya bakin titi ka riƙa leƙen kan motocin. Za ka ga samari da yawa, wani gemu bai gama fito masa ba, yana jan buhun siminti 600, wato tan 30, ko tankar mai lita 45,000. Tambayata ita ce: wa ya koya masa, kuma tsawon wane lokaci?

4/ A da, hanyar zama direban babbar mota sananniya ce. Ka fara da karen mota: wanki, sa weji, ɗaure tamfol, canza taya, kwana a ƙarƙashin mota. Sai ka yi shekaru kafin ubangidanka ya bar ka ka ja ta ko a cikin gareji. Kuma sunansa ne jinginarka, in ka yi ɓarna shi za a nema.

5/ Wannan tsarin yana da nasa zaluncin, duka da zagi da yunwa duk akwai. Amma yaro yakan fito ya san motarsa ciki da bai. Yanzu an bar wahalar, an yanke koyarwar. Da yaro ya iya tayar da mota, ya iya ribas, sai a ce ya iya.

6/ Me ya sa? Gogaggen direba yana da tsada kuma yana da baki. Zai ce wannan tayar ta suɗe, ba zan hau hanya da ita ba. Sabon direba kuwa murna yake an ba shi mota. Ko birki na shan iska zai ce "Allah ya kiyaye hanya" ya tafi, don ya san akwai goma a bayansa suna jiran makullin.

7/ Ga abin da ake tsallakewa. Tirela birkin iska gare ta. In ka yi ta tattaka shi a doguwar gangara, ya yi zafi, iskar ta ragu, sai ka taka ka ji wayam. Ana saukar da giya tun kafin a shiga gangarar ne, inji ya riƙe motar. Wanda bai san haka ba, Hawan Kibo zai koya masa a makare.

8/ Tanka kuma nata daban ne. Mai yana motsi a ciki. Ka taka birki da ƙarfi ya turo ka gaba, ka sha kwana da gudu ya kwanta gefe ɗaya ya ja motar. Wanda ya saba da buhu, aka ɗora shi kan tanka ba tare da an zauna an yi masa bayani ba, an cuce shi, an cuce mu.

9/ Sannan akwai wuraren da direba ba ya gani sam daga kujerarsa: dab da gaban motar, gefen dama, da bayanta. A titi irin namu mai cike da Keke Napep da babura da masu talla, rashin sanin wannan kaɗai ya isa ya ci rai.

10/ Kada wani ya ce babu doka. Akwai. Lasin jan tirela ajinsa daban, aji G. Ƙa'idar FRSC ta ce mai neman lasin haya sai ya kai shekara 26. Gudun tirela da tanka a babban titi mai hannu biyu bai wuce kilomita 60 a awa ba. Tun 2017 aka fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu.

11/ Amma kowa a tasha ya san yadda ake "fitar da lasin" ba tare da mutum ya taɓa zama gaban mai gwaji ba. Takarda ta fito, ilmi bai shiga ba. Abin takaici, ga cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa, NITT, nan Zariya tun 1986. Masu mota nawa ne suka taɓa tura yaransu can?

12/ Mu zo kan yadda ake riƙe su. Yawanci babu takardar ɗaukar aiki, sai "zo ka karɓi mota." Alhali Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Ka tambaya a Mararrabar Jos ko Tafa ka ji mutum nawa ne ke da ita.

13/ Biya kuma sau da yawa a kan zuwa ne. Ka yi sawu da yawa ka samu, ka tsaya barci ka rasa. Wanda aka ɗaure abincinsa da yawan sawu, don Allah ta yaya zai huta? Daga nan ake fara goro da shayi mai kauri, a koma gadagi, wasu su ƙare a tiramol.

14/ A ƙasashen Tarayyar Turai, direban babbar mota ba ya wuce awa huɗu da rabi yana tuƙi sai ya huta minti 45, kuma akwai na'ura a motar da ke rubuta komai. In an karya, kamfanin ma yana shan tara. Mu nan waya ce ke ta ƙara: "Kana ina? Mai kaya yana jira."

15/ Sai kuɗin hanya. A auna masa gas daidai wa daida, a ba shi abin da bai isa shingaye da 'yan karɓar haraji na kowace jiha ba. Me zai yi? Sai ya sa mota a firi a gangara don ya rage shan mai. A firi inji ba ya riƙe mota, iska kuma ba ta taruwa da sauri. Lissafin ofis ne ke kashe mutane a titi.

16/ Taya ta fashe, a cire a kuɗinsa. Kaya sun yi gibi, a cire a kuɗinsa. Wani matashi a layinmu motarsa ta lalace tsakanin Mokwa da Tegina, ya kwana shida yana gadin kayan mutane, mai motar bai turo ko na abinci ba. Da ya dawo aka ce shi ya kashe injin.

17/ In kuwa hatsari ya faru, ka lura da abin da ake fara nema: yadda za a fitar da mota da kaya daga hannun hukuma. Direba yana kulle ko yana gadon asibiti, iyayensa ne ke yawon neman bashi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

18/ Ga shi tun 2010 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, ƙarƙashin NSITF. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da yake biya. Wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, ta ina iyalinsa za su fara nema?

19/ Na san abin da masu mota za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Gas ya yi tsada, taya da kayan gyara sun bi dala, hanyoyi sun lalace, mota takan yi kwanaki a layin lodi ba ta kawo ko sisi ba. Akwai kuma direbobin da ke sayar da mai da kayan mutane. Duk haka ne.

20/ Amma Alhaji, mota ta miliyoyin naira ka saya. Horar da wanda zai riƙe ta bai kai kuɗin tayoyinta ba. Kuma wanda ka biya haƙƙinsa a kan lokaci ya fi wuyar sace maka mai. Akwai masu mota na ƙwarai da suka gane haka, direbobinsu suna shekara goma ba su sauya gida ba.

21/ Bayan gobarar tanka a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, da ta mahaɗar Dikko a Janairun 2025, gwamnati ta hana tankoki masu lita 60,000 hawa titi daga Maris 2025. Madalla. An duba girman tanka. Saura a duba wanda ke zaune a gabanta da yadda aka shirya shi.

22/ Abin da nake ganin zai yiwu ba sai an jira Abuja ba: NARTO ta masu mota, da NURTW, da reshen direbobin tanka na NUPENG su tsayar da ƙa'ida a garejin Kaduna. Sabon direba ya yi watanni yana tuƙi da babba a gefensa, babban ya sa hannu, sannan a ba shi mota shi kaɗai.

23/ A rubuta yarjejeniya ko shafi ɗaya ce, da Hausa: albashi nawa, kuɗin hanya nawa, me za a cire, wa zai ɗauki nauyi in mota ta lalace ko an ji rauni. Shugaban tasha ya zama shaida. In an yi hatsari kuma, FRSC da VIO su nemi mai mota ya nuna inda ya horar da direbansa.

24/ Ku kuma ƙannena da ke ɗokin karɓar makulli: ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tambayi manya, ba abin kunya ba ne. In birki bai yi maka ba, ka ce bai yi ba. In barci ya zo, ka faka. Aiki in ya tafi wani zai zo, Allah ne mai bayarwa.

25/ Iyaye ma, kafin a yi murnar "an ba yaronmu mota," a tambayi wa ya koya masa, kuma a hannun wa zai yi aiki.

26/ Direbobi da masu mota da ke nan, ina son jin ta bakinku. Shekara nawa ka yi kana bin mota kafin a sakar maka sitiyari? Allah ya tsare matafiya da masu tsallaka titi, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya. Amin.