Kunyar Mara Kunya Asara Ce

Abin da na ke so mu duba a wannan mako shi ne shiga kantin kayan lantarki, watau inda a ke sayar da wayar hannu, da rediyo, da talabijin, da firiji.

Tun shekarar 2001, da wayar hannu ta shigo Nijeriya, cinikin nan ya bunƙasa ƙwarai. Wanda ya taɓa zuwa Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Alaba a Ikko, ya san yawan kantunan da kuma yawan yaran da ke tsaron su. Galibin yaran nan la'ada su ke samu bisa abin da su ka sayar. Sabo da haka ba lalle ne su nuna maka abin da ya fi dacewa da kai ba, sai wanda ya fi riba, ko wanda ya daɗe a kanta bai fita ba. Ban ce duka mugaye ne ba, abinci su ke nema. Amma kai ma guminka ne a aljihunka.

Na lura dabararsu uku ce. Ta fari gaggawa: a ce maka saura guda ɗaya tak, ko kuwa gobe kuɗinsa zai tashi. Ta biyu ƙari: ka zo sayen ƙaramar waya, a yi ta kushe ta har ka ɗauki wadda ta ninka ta kuɗi. Ta uku, wadda ta fi cin mutanenmu, ita ce kunya. A ba ka kujera, a kawo ruwan sanyi, a ce Alhaji, a ce Yallaɓai, a buɗe kwali tun ba ka ce a buɗe ba. Sai malami ko akawu ya ga ai tashi hannu wofi zubar da girma ne. Ya biya albashin wata guda, ya koma gida iyali na jiran cefane. Assha! Ai kunyar mara kunya asara ce.

To, ga shawarata. Ka yanke magana tun daga gida: ga abin da na ke so, ga iyakar kuɗina. Ka rubuta a takarda, ka taya a kanti uku kafin ka zaro ko kwabo. In an matsa maka, ka ce, "Madalla, na gode, sai na yi shawara," ka miƙe. Ruwan da ka sha ba bashi ba ne.

In ka ga wanda ya yi maka, kada ka yi cinikin biri a sama. A kunna shi a gabanka. In waya ce, ka danna *#06#, lambarta mai ƙwaya 15 za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, ka aje ta. Sa'an nan ka karɓi rasit mai sunan kanti, da kwanan wata, da lambar kayan, da tsawon garanti. Alkawarin baki ba ya tsayawa ran da rigima ta tashi.

Ku sani kuma hukuma ba ta bar mai saye haka kawai ba. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda a ka sa wa hannu a 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Ta hana a tilasta wa mutum ko a takura shi wajen ciniki, ta kuma ba shi ikon mayar da kaya mai aibu, ko da an rubuta a bango wai ba a karɓar kayan da a ka sayar.

Malamanmu kuwa sun riga sun san wannan. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya ga an hana algus, da yaudara, da ɓoye aibun haja, an kuma halatta ciniki bisa zaɓi zuwa ɗan lokaci, domin mai saye ya gwada ko ya yi shawara. Ashe wanda ya ce a ba shi kwana guda ya yi tunani bai yi abin kunya ba.

Ku kuma masu kantuna, ina roƙonku ku ja kunnen yaranku. Mutumin da a ka tura wa kaya bisa dole sau ɗaya zai zo, ya kuma hana goma zuwa. Wanda a ka gaya wa gaskiya shi ke komowa da ɗan'uwansa.

Allah ya sa albarka a neman kowa, ya tsare mu da cin haram, amin. Haza wasalam.