DAGA BAKIN ALLO: Lakar Kogin Wuri da Kuɗin Shinkafarmu

A watan jiya wani ɗalibina ya ɗaga hannu a aji ya ce, "Malam, me ya sa ruwan Wuri kullum yake kamar kunu? Kuma da safe na gan shi daga kan gadar Bonaberi yana gangarawa teku, da la'asar na gan shi yana komowa." Na yi masa alkawarin amsa, to ga ta, don iyayensa ma su ji.

Wuri kogi ne da teku ke shiga cikinsa. Jan wata yana sa teku ta cika ta janye sau biyu a kwana guda, kowane zagaye kimanin sa'a 12 da minti 25, ruwan Duwala kuwa yakan tashi mita biyu ko fiye. Abin ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Duk wanda ya taɓa dama fura ya san sauran bayani. Muddin ludayi na juyawa, gari yana yawo cikin ƙwarya, da an ajiye ludayi sai ya kwanta. Haka ruwa mai gudu yake hautsina ƙasan kogi ya ɗaga laka, idan gudun ya lafa tsakanin cika da janyewa sai ta zauna. Akwai kuma wani abin mamaki: inda ruwan gishiri ya gamu da ruwan daɗi, ƙwayoyin laka sukan manne wa juna su yi nauyi, saboda haka nan ne laka ta fi taruwa.

To, ina ruwanmu? Jiragen da ke zuwa tashar Duwala suna bin wata hanya ce mai tsawon kusan kilomita 50 daga teku, wadda sai an yi ta yashe ta. Idan ta cike, jirgi ya rage kaya ko ya jira cikar ruwa, kuɗin jiran kuwa a kan buhun shinkafa yake sauka, mu a New Bell mu biya, 'yan'uwanmu direbobin da ke kai kaya Njamaina da Bangi su kwana a layi. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka gina tashar Kiribi mai zurfi, wadda ta fara aiki a 2018.

Yadda masana ke auna lakar nan ya burge ni ƙwarai. Tsohuwar hanya ita ce a ɗebi ruwa a kwalba daga zurfi dabam-dabam, a tace, a busar, a auna nauyin abin da ya rage a kowace lita. Yanzu kuma ana saka na'ura mai aika sauti cikin ruwa. Sautin ya bugi ƙwayoyin laka ya dawo, sauyin muryarsa ya nuna gudun ruwa, ƙarfinsa ya nuna yawan laka. Ilimin nan na Doppler ne, mutumin Ostiriya, tun 1842. Wasu na'urorin suna awo sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, don a kama juyayin ruwan da ke ɗaga laka. Amma fa duk da haka ba a yar da kwalba ba, da ita ake gwada gaskiyar na'ura.

Abin da nake so hukuma ta kula da shi shi ne, awon sa'a ɗaya ba awo ba ne. Sai an zauna cikin jirgi sa'a 13 an ga zagaye ya cika, da damina da rani. In ba haka ba, a yashe laka a zubar inda ruwa zai maido ta.

Ni dai na sa 'yan ajina su kawo kwalba biyu-biyu, ɗaya ta lokacin gudun ruwa, ɗaya ta lokacin lafawarsa, za mu jera su a taga mu gani. Don Allah iyaye, kada yaro ya je bakin kogi ba tare da babba ba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.